Ɗingishin da Ban Yi Ba a Kalgo

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma na gaji da jin ta a bakin jikoki. Wai Kaka Ummaru ya taɓa zuwa gwajin shiga majigi a Kalgo, da ya ga Bature da na'urar ɗaukar hoto sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya kasa kataɓus. Har an ƙara mata gishiri, wai na bar takalmina a wurin na ranta a na kare. To, ban gudu ba, kuma da takalmina na dawo Gwandu. Na yi shiru ne saboda mutumin da maganar ta shafa yana raye, bayan ya rasu kuma na ga tone-tonen ba shi da amfani. Yanzu da jikana Nasiru ya zo mini da batun zai tafi Kano gwajin shiga fim, yana neman shawarata yana danne dariya, na ga gara in rubuta abin yadda ya faru. Nasiru, ka karanta da kyau, shawarar da kake nema tana ciki. Sauran kuma ku daina yi mini ƙazafi.

A shekarun nan da ake ta maganar zaɓe, kafin Turawa su tafi, ni tela ne a bakin kasuwar Gwandu. Ɗinki shi ne abincina, amma abin da aka san ni da shi kwaikwayo ne. Mutum ya wuce ta gaban rumfata sau biyu, ya gama yawo, na ɗauke shi. Mutane suna zaton murya nake fara kamawa, alhali ƙafa nake kallo. Tela kansa a sunkuye yake kan keke wuni guda, abin da yake gani na masu wucewa daga gwiwa ne zuwa ƙasa. Da haka na gane cewa mai bashi a kansa ba ya taka ƙasa irin ta mai hatsi a rumbu, kuma ango da wanda aka kora daga fada ba sa jan takalmi iri ɗaya. In ka sami tafiyar mutum, kafaɗarsa da wuyansa da muryarsa za su biyo da kansu. Wannan ita ce shawara ta farko, Nasiru, kuma kyauta na ba ka.

A cikin duk tafiyar da na taɓa ɗauka, babu wadda ta zauna mini a jiki kamar ta surukina, Baba na Kalgo, mahaifin kakarku Kulu. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kama shi yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu ba. Manomin shinkafa ne a fadama, dogo, marar yawan magana. Yana saurayi kurkunu ya fito masa a gwiwar hagu, wannan tsutsar da ake sha a ruwan tafki ta fito ta ƙafa, ya bar masa gwiwar a sandare. In zai yi tafiya sai ya kafa sanda, ya jawo ƙafar hagu ta gefe ta zagayo, diddigen ba ya taɓa ƙasa, kafaɗar dama ta nutse ta taso. In ya ɗan yi nisa sai ya tsaya, ya yi gyaran murya mai kauri, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai duba hadari, ko da tsakiyar rani ne. Ranar da na fara ganinsa, tun kafin in fita Kalgo ƙafata ta riga ta koya. Ban sa ta ba, ita ta ɗauka.

Shi kuwa ya ji labarina tun kafin a kai gaisuwa. Da baffana ya je nema mini aure, ga abin da ya dawo da shi, kuma ya maimaita mini a gaban Inna don kada in ce ban ji ba:

"Yac ce, na ji yaron ga tela na, sana'a tai ba ta da aibi. Amma an ce mini ɗan kama na. Ku hwaɗa mai, ran da nij ji ya mai da dattijo abin dariya cikin taro, ɗiyata ta dawo ɗakin uwatta. Ba ni maimaita magana."

Na yi alkawari, kuma a gaban jama'a na riƙe shi. Bayan rumfa ne dai abin ya ƙi. Ina da aboki, Labbo mai goro, wanda rumfarsa ke jikin tawa, mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa isa ko'ina. In kasuwa ta lafa sai ya ja ni bayan buhunan goro, mu da abokai ƙalilan, ya ce in yi musu ta mutumin Kalgo. Ni kuma in ɗauki sandar awo in yi, su yi ta faɗuwa suna riƙe ciki. A ganina wannan ba taro ba ne, kuma Kalgo da nisa.

Shekarar da zan ba ku labari, Kulu ta tafi gidansu goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ta haifi baban Nasiru a can. An yi suna, na dawo Gwandu, ita tana wankan jego, ana jiran ta yi arba'in danginta su rako ta. Ana cikin wannan jiran, bayan an yanke gero, sai mai shela ya zagaya kasuwa yana cewa mutanen majigi sun sauka a Kalgo, suna neman waɗanda za su sa a cikin hoto, duk mai sha'awa ya je ranar kasuwa. Ku yaran yanzu ba za ku gane abin da wannan ke nufi ba. Majigi mota ce da ke zuwa gari jefi-jefi, a kafa farin ƙyalle a fili, gari ya fito kaf. Hoton ba ya magana, wani ne ke tsaye da lasifika yana ba da labari. Ke nan duk aikin na jiki ne, na ƙafa da kafaɗa, wato gonata. Na ga kaina a jikin ƙyallen nan daga Argungu har Yawuri. Na ji kamar don ni kaɗai aka yi shelar.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na gaya mata. Ba ta ko ɗago ba.

"Kalgo za ka? Garin surukanka za ka tai ka yi wasa, matakka na ɗakin jego?"

"Inna, gwaji na kawai. Tahiya za a yi gaban Bature, shi ke nan."

"Wace irin tahiya?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ba ka sani ba, amma ka wanke riga. Ummaru, ni na haihe ka. Kai in ka ga taro, hankalinka barin jikinka shika yi."

Tambayar Inna ita ce shawara ta biyu. Kafin ka wanke riga, ka tambaya wane ne ake so ka zama. Ni ban tambaya ba. Na ari keke, na ɗora Labbo a baya, muka bi ta Kambaza, muka kwana a hanya wurin wani ɗan'uwansa, da hantsi muna Kalgo.

A gefen kasuwa suka yi sansani, ƙarƙashin wata babbar tsamiya. Na'urar tana tsaye kan ƙafafu uku, Baturen yana bayanta, wuyansa ya yi ja don rana. Mai magana da mu tafinta ne, wani malami mutumin Zariya mai saurin fushi. An ja layi biyu da toka a ƙasa, aka ce kowa ya taso daga wancan ya zo wannan, yana tafiya kamar ba kowa a wurin. Abu mai sauƙi, amma ya gagari mutanenmu. Mutum zai taho lafiya lau, da ya kusa da Bature sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ɗaga hannu yana jinjina. Da ya durƙusa kuwa sai ya ɓace daga idon na'ura, Baturen ya ɗago yana neman inda mutum ya shiga. Tafinta ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe.

"Don Allah ku daina durƙusawa! Ba gaisuwa muka zo karɓa ba. Ka wuce kawai!"

Wani tsoho ya ce masa, "Malam, in wuce babban mutum tsaye, awa jaki?"

Wasu kuma da an ce su fara sai su ƙura wa na'urar ido su ƙame, suna jiran a ɗauke su kamar a gidan mai hoto. Ina gefe ina kallo, ina jin daɗi a raina, don na ga ba wanda zai kama ƙafata a wurin. Na lura da inda idon na'urar ke kallo, na lura Baturen ya fi son wanda bai damu da shi ba. Zuwa da wuri ka ga kuskuren na gabanka, wannan ma ka riƙe, Nasiru. Can sai tafinta ya tafa hannu ya yi bayanin abin da suke nema.

"Labarin mutum biyu ne. Ɗaya mai hankali, yana tace ruwansa da ƙyalle kafin ya sha. Wannan mun samu. Ɗayan mai taurin kai ne, ya kafa kai a tafki ya sha, kurkunu ya kama shi, ƙafa ta lalace. Shi muke nema. Muna son wanda zai yi ɗingishi mutane su yi dariya, su kuma ji tsoro."

Gaskiya zan gaya muku, farin ciki ne ya fara kama ni. Ɗingishin kurkunu! Duk ƙasar Gwandu babu mai irin wanda ke cikin ƙafata. Ban tuna a wane gari nake ba, kamar yadda Inna ta faɗa. Da aka nuna ni, na fito na karɓi sandar da suke ba kowa, na tsaya kan layin toka, na sandarar da gwiwar hagu. Ina shirin kafa sanda sai na ji gyaran murya daga bayan taro. Ba sai na waiwaya ba, don ni kaina na yi wannan gyaran muryar ya fi a ƙirga. Amma na waiwaya. Baba yana tsaye cikin dattawa a bakin inuwa, ya jingina da sandarsa, yana kallon sama. Labbo kuwa bai gan shi ba. Ya ga na tsaya, ya zaci kunya ce, sai ya buɗe baki iya ƙarfinsa:

"Ummaru, mi kaka jira? Yi musu ta mutumen! Ta mutumen Kalgo!"

A tsakiyar Kalgo ya faɗi wannan, ranar kasuwa. Na ga kawuna suna juyawa, wasu sun dube ni, wasu sun saci kallon dattawa. A tsayuwar nan na ga abin da ya kamata in gani tun a Gwandu: ko da Baba ba ya wurin, hoton zai dawo Kalgo a jikin ƙyalle, yara su ga tafiyarsa a jikin wawan labari, mai lasifika yana cewa ku dubi mai taurin kai. Na ce a raina bari in yi wani ɗingishin daban, na ƙafar dama. Na ɗaga ƙafa taku ɗaya, sai na ji kafaɗata tana nutsewa da kanta, maƙogwarona yana ƙaiƙayin gyaran murya. Ashe ɗingishi ɗaya gare ni a duniya, kuma mai shi yana tsaye yana kallo. Ga ƙyallen majigi da na kwana ina mafarki, ga Kulu da jariri a wani ɗaki da bai fi jifa biyu daga tsamiyar ba. Na ajiye sandar a ƙasa, na miƙe, na tako daga wannan layi zuwa wancan, tafiyar lafiyayyen mutum mai zuwa masallaci.

Tafinta ya ce, "Kai, ba ka ji bayani ba ne? Ɗingishi aka ce. Koma."

Na koma, na sake takowa ƙyam.

"Ba ka iya ba ne?"

"Ban iya ba, Malam."

Ban taɓa faɗin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Taro ya fashe da dariya, Baturen ya girgiza kai ya yi alama a kawo wani. Kafin in bar fili Labbo ya yi tsalle ya ɗauki sandar, wai zai nuna mini yadda ake yi. Ya yi ta ɗangyashi yana tsalle-tsalle kamar kazar da ta taka garwashi, yana yamutsa fuska. Ba kurkunu a ciki ko kaɗan, amma Bature ya yi dariya har ya dafa na'ura. Nan take suka ɗauke shi. Ni kuma tun daga ranar aka laƙaba mini Ummaru Ƙyam, sunan da ya riga ni isa Gwandu, kuma shi ne tushen ƙaryar da kuke yaɗawa.

Rashin majigin ya ƙona mini rai, amma ba shi ne ya hana ni cin abinci ba. Baba ya ji kiran da Labbo ya yi, wannan ba shakka. Abin da ban sani ba shi ne ko ya gane wane ne mutumin Kalgo. Da la'asar na je zaurensa na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, a taƙaice, yana kallon wani wuri. Suruki ba ya hira da mijin 'yarsa, balle in karanci wani abu a fuskarsa. Na dawo Gwandu ni kaɗai a kan keke da wannan nauyin. Kwanakin da suka rage kafin arba'in ban san yadda na yi su ba. Na ɗinke wa wani mutum bakin hannun riga ruf, ya zo ya sa hannu ya ƙi fita. Inna ba ta ce ai na gaya maka ba, sai dai ta riƙa turo mini fura ta dawo da ita yadda take.

Ranar da ya kamata a rako Kulu, na ɗauke keken ɗinki daga kasuwa na kafa a zauren gida, wai aiki nake yi. In sun zo, to. In kuma aka aiko namiji shi kaɗai da saƙo, na san ma'anarsa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Kaina yana sunkuye ina bin ƙafafun masu wucewa a lungu, har na ga ƙafafun jaki, na ga na wata tsohuwa, sannan na ga wasu da jan lalle, ana taka su a hankali saboda goyo. Na san tafiyar tun kafin in ɗago. Goggon Kulu ta yi sallama, mata na biye da ƙwarya da kayan gara, Inna ta fito tana guɗa. Na kifa goshina a kan keken ɗinki ina ta hamdala, jikina duk ya saki kamar an sauke mini buhun gero. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na yammacin nan ba.

Da shekara ta zagayo majigin ya fito, aka nuna shi a Gwandu da Kalgo da ƙauyuka. Labbo ya yi suna, sai dai sunan bai zo yadda ya so ba. Yara suka riƙa binsa suna ɗingishi suna kiran Kurkunu, matan ƙauye in sun zo sayen goro su leƙa ƙafarsa su yi masa sannu da jiki, kuma da sunan aka binne shi, Allah ya jiƙansa. Duk da haka da na gan shi a jikin ƙyalle na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Na san da ni ne, da mutane sun ji tsoron tafki da gaske.

Da Babbar Sallah muka je Kalgo gaisuwa, yaron ya fara tsayuwa. Ina durƙushe a bakin zaure aka miƙa wa Baba jikansa. Ya ɗora shi a gwiwar dama, ya yi gyaran murya. Da yake ba zai yi magana da ni ba, sai ya yi da yaron, irin wasan kaka da jika, amma da ƙarfin da zan ji.

"Kai, abokina, ka ga majigin da anka kawo? Mutumen ga bai iya ba. Tsalle shika yi awa kwaɗo. Mai kurkunu ba shi tsalle, jan ƙahwa shika yi. Ubanka ya hi shi nesa. Na gan shi da idona wata ran kasuwa a Gwandu, bayan buhunan goro, da sandar awo. Har duban sama bai bari ba."

Na ƙura wa tabarma ido. Ya ɗan yi wa yaron rawa a gwiwa, sannan ya ci gaba.

"Na yi shiru, don bayan buhu ba taro na ba. Shi ya sa da nij ji ya zaka gwaji, nit tai in gani da kaina. Da ya kafa sandar ga gaban Bature, da uwakka na nan har yau tana dama mini hura. Amma ya aje ta. Tai wurin ubanka, ɗan tela."

Ya miƙo mini yaron da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma haka.

To, Nasiru, ka je Kano, ban hana ka ba. Ka je da wuri, kada ka ƙura wa na'ura ido, kada ka tsaya gaishe-gaishe bayan an ce ka fara. Kada ka je da ɗingishi ɗaya kamar kakanka, ka tara tafiya iri-iri, don wanda abu ɗaya ya iya, ranar da abin ya ƙi yiwuwa ba shi da wurin juyawa. Kuma tun kana gida ka yanke wa kanka abin da ba za ka yi ba ko da shi kaɗai ake nema, don a kan layin toka ba a samun lokacin tunani. Ni Allah ne ya taimake ni da gyaran muryar wani. In an ce ba a ɗauke ka ba, ka dawo gida ka ci tuwo. Ni ma ba a ɗauke ni ba, shi ya sa aka same ku a gidan nan.

Tun ranar tsamiyar Kalgo ban sake yin tafiyar Baba ba, ko a bayan buhu. Sai ga shi yanzu tsufa ya kama ni a gwiwa, kuma duk gwiwoyin duniya ta hagu ya zaɓa. Jiya na ɗauki sanda zan tafi masallaci, na jawo ƙafar ta gefe, na tsaya a tsakar gida in huta, na yi gyaran murya. Kakarku Kulu tana zaune tana tsintar shinkafa, ta bi ni da kallo.

"Malam, har yau ba ka bar kwaikwayon Baba ba?"

Na ce mata wannan karon ba ni na ɗauka ba, ba ni ita aka yi.